Yadda Na'urorin Wasa da na Labari Suka Shiga Ƙasar Sandamu

Sandamu gari ne a cikin ƙasar Daura, yana kudu da birnin, ba nisa. Shi ne hedkwatar ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 5 da ke ƙarƙashin Sarkin Daura, watau Daura, da Ɓaure, da Mai'aduwa, da Sandamu, da Zango. Tun ran 23 ga watan Satumba, 1987, sa'ad da aka cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna, ƙasar tana cikin Jihar Katsina. Mutanenta galibi manoma ne da makiyaya, suna noma gero da dawa da wake da gyaɗa, da rani kuwa wasu su kama fatauci, wasu su tafi ci-rani.

Wanda ya shiga Sandamu yau, ko Fago, ko Karkarku, ko Rijiyar Tsamiya, da almuru, zai ga abin da kakanninsa ba su taɓa gani ba. Zai tarad da samari a bakin shagon mai caji, kowa ya sunkuya bisa ɗan gilashi mai haske a tafin hannunsa. Wani yana wasan ƙwallo, wani yana kallon fim, wani yana magana da wansa da ke Legas, yana ganin fuskarsa. Wannan abu bai zo rana ɗaya ba. Ya ɗauki shekara wajen 80 yana matsowa, kuma ya bi hanya guda: daga ƙofar fada zuwa shago, daga shago zuwa zaure, daga zaure zuwa ɗaki, daga ɗaki zuwa aljihu. Ya kamata mai karatu ya san wannan hanya, domin kowane taki da abin ya yi, idanun da ke lura da shi sai su ragu.

Zamanin Dandali

A da, wasa abin fili ne. In an ci tuwon dare, farin wata ya fito, yara su kan taru a dandali. Maza su yi langa da kokawa, 'yan mata su yi gaɗa da carafke. A cikin gida kuwa tsofaffi mata su ke ba da tatsuniya da kacici-kacici. Da watan azumi a yi tashe. Bayan kaka, in an kai amfani rumbu, sai a buɗe fagen dambe da kokawa.

Manya su ma suna da nasu, watau dara. A kan haƙa gurabu 30 a ƙasa, jeri 5 mai gida shida shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan da tsakuwa, wancan da guntayen kara. Wanda ya jera uku a layi sai ya ɗauke ɗa guda na abokin wasansa. Wasa ne na lissafi da haƙuri, kuma ba a yinsa sai da 'yan kallo, masu yaba gwani su yi wa wanda aka ci dariya.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan wasanni suna da lokaci, suna da wuri. Damina ta kan tsai da su, duhu ya kan tsai da su, kiran salla ya kan tsai da su. Yaro ba ya iya yin langa shi kaɗai a ɗaki. Kowa ya san inda ɗansa ya ke, ya kuma san abokan wasansa da iyayensu.

Labari kuwa da ƙafa ya ke tafiya. Saƙon Sarki ya kan bi ta hannun Hakimi, ya gangara ga dagaci, ya isa ga mai unguwa, sa'an nan sanƙira ya yi shela. Labarin nesa sai ran kasuwa, a bakin fatake. A cikin watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam ne editanta. Mutum guda mai karatu ya kan karanta wa mutum goma a gindin bishiya.

Majigi da Rediyo

Na'urar farko da mutanen karkara suka gani tana nuna hoto mai motsi ita ce majigi. Motar gwamnati ta kan zo garin Hakimi, a kafa farin ƙyalle a fili, a ta da inji, a nuna yadda a ke noman gyaɗa da auduga, ko yadda a ke tsabtace rijiya. Wani ma'aikaci yana tsaye yana fassara da Hausa. Da gari ya waye mota ta wuce, sai kuma wata shekara.

Rediyo ma a fili ya fara. A Kano an kafa akwatunan magana masu waya a 1944, a ke rataye su a wuraren taruwar jama'a. Ran 13 ga watan Maris, 1957, gidan rediyon BBC na London ya fara shiri da Hausa, kuma muryar da aka fara ji ta Malam Aminu Abdullahi Malumfashi ce, mutumin Lardin Katsina. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin a Kaduna. Jamus ta fara shirin Hausa a 1963, Amurka ta biyo baya a 1979.

Abin da ya kawo rediyo ƙauye shi ne ƙaramin akwati mai aiki da batir, wanda ba ya bukatar lantarki. Da ya yi araha, sai ya zama manomi ya rataya shi a reshen bishiya yana noma, makiyayi ya saɓa shi a kafaɗa. Daga baya rakoda mai kaset ta zo. Da ita ne waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, suka shiga kowane lungu, haka kuma karatun malamai da tafsirin azumi. Matan aure da ke cikin kulle, waɗanda ba su zuwa majigi, a lokacin ne suka fara jin duniya da kunnensu. Duk da haka akwati guda ne a gida, muryarsa kuwa kowa yana ji. Abin da yaro ya saurara, ubansa ma ya saurara.

Talabijin da Gidan Kallo

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Badun, ran 31 ga watan Oktoba, 1959. A 1977 gwamnatin tarayya ta haɗa gidajen talabijin na ƙasa ƙarƙashin hukuma guda, wadda aka sani da NTA. Amma talabijin ba kamar rediyo ba ce, sai da wutar lantarki, wutar kuwa ta daɗe ba ta kai ƙauyuka ba, inda ta kai ma ba ta zama. Saboda haka a karkara mai talabijin ɗaya ne ko biyu a gari. Ya kan fito da ita ƙofar gida, ya haɗa da batirin mota ko janareta, yaran unguwa su zauna a ƙasa su kalli wasan Samanja.

Sa'an nan bidiyo ta zo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a kaset. Kafin shekara 10 sana'ar fim ɗin Hausa ta bunƙasa ƙwarai, har Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. A wannan zamani kuma aka fara kafa tauraron ɗan'adam, watau babban faranti da ke kamo tashoshin ƙasashen waje. Nijeriya ta ci zinariya a wasan ƙwallon Olamfik na 1996, Nwankwo Kanu ya koma ƙungiyar Arsenal ta Ingila a 1999, sai son ƙwallon Turai ya kama samari. Masu wayo suka kewaye fili da zana ko kwano, suka jera benci, suka sa mai karɓar kuɗi a ƙofa. Haka gidan kallo ya samu. Wannan shi ne karo na farko da yaron ƙauye ya fara biyan kuɗi kullum domin nishaɗi, a wurin da ubansa ba ya shiga.

Asalin Wasan Na'ura

Wasan da a ke yi a fuskar talabijin, wanda yara ke kira gem, asalinsa Amurka da Japan. A 1972 kamfanin Atari na Amurka ya fito da wani wasa mai suna Pong: sanduna biyu ne da ɗigo guda, a na buga shi daga gefe zuwa gefe. A 1983 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da akwatin wasa na gida, a 1985 kuma ya fito da wasan Super Mario, ɗan mutum mai gashin baki da ke tsalle-tsalle. Wani masanin Rasha, Alexey Pajitnov, ya ƙago wasan jera tubali mai suna Tetris a 1984. A watan Disamba na 1994 kamfanin Sony ya fito da PlayStation, mai aiki da faifai.

Waɗannan kaya ba su zo Arewa da sabuntarsu ba. Sun zo ne bayan shekaru, wasu kwaikwayo daga ƙasar Sin, wasu na hannu daga Turai, ta kasuwannin Legas da Kano. Da ya ke sun fi ƙarfin aljihun talaka, sai suka bi sawun gidan kallo. Mai shago ya sayi akwati guda ko biyu da talabijin da janareta, yara su biya su yi wasa na 'yan mintoci. Wanda aka fi so shi ne na ƙwallon ƙafa, inda yaro biyu za su zauna, kowa ya zaɓi ƙungiyarsa, wanda aka ci shi ya biya. A nan gem ya yi kama da dara, domin akwai abokin karawa a gefe, akwai 'yan kallo a baya, kuma in mai ya ƙare a janareta, wasa ya tashi.

Zuwan Wayar Hannu

Babban canji ya zo a 2001. Kafin wannan shekara, layukan tarho na ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba, kuma kusan dukansu a manyan birane su ke, a ofisoshi da gidajen attajirai. Mutumin Sandamu da ke son aika saƙo Kano sai ya ba direba wasiƙa. A watan Janairu na 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar hannu, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa maimakon minti, abin da ya karya farashi. Kafin shekara 20 ta cika, layukan da ke aiki sun haura miliyan 150.

Yadda abin ke aiki shi ne, a kan kafa dogon ƙarfe a gari, wanda ke karɓar magana daga wayoyin da ke kewaye da shi, ya miƙa wa na gaba, har ta isa inda aka nufa. Intanet kuwa hanya ce da ta haɗa kwamfutocin duniya, kuma mafi yawan abin da ke shigowa Nijeriya ta cikinta yana biyo wasu manyan wayoyi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, suka fito a Legas. Ran 14 ga watan Maris, 2024, wasu daga cikinsu suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, sai aiki ya tsaya a bankuna da wayoyi har can cikin Arewa, inda ba a taɓa ganin teku ba.

Waya ta zo da wasanta. Tun 1997 kamfanin Nokia ya sa wasan maciji a wayoyinsa, kuma shi ne gem na farko da mutane da yawa suka taɓa. Da wayoyi masu shafawa suka yi araha, sai kowace ta zama rediyo, da talabijin, da akwatin wasa, da kyamara, duk a haɗe. An kafa Facebook a 2004, YouTube a 2005, WhatsApp a 2009, TikTok kuma ya bazu daga baya. Google ta sa Hausa cikin harsunan da ta ke fassarawa a 2013. Sababbin sana'o'i suka fito a kowace tasha da kasuwa: mai caji, mai gyaran waya, mai sai da kati, da mai turi, wanda ke zuba fina-finai da waƙoƙi da wasanni a waya a biya shi.

Amfanin wannan ba ya ɓuya. Mai kai dabba kasuwar Mai'aduwa ya kan ji farashi tun bai fita gida ba. Ɗan ci-rani ya kan aiko wa iyalinsa kuɗi a karɓa wurin mai POS a yini guda. Mace da ba ta iya rubutu ba ta kan aika saƙon murya ga 'yarta da ke aure a Damagaram. Sa'ad da aka rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona, wasu yara da rediyo da waya suka ci gaba da jin darasi. Ranar da Muhammadu Buhari, ɗan Daura, tsohon Shugaban Ƙasa, ya rasu a London, 13 ga watan Yuli, 2025, labarin ya game ƙasar Daura kafin dare, jana'izarsa kuma ran 15 ga wata dubban da ba su sami zuwa ba a waya suka kalla.

An kuma gane yadda aka dogara ga abin a ranar da aka rasa shi. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na kudu da yammacin Jihar Katsina, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Ƙasar Daura ba ta cikinsu, amma masu 'yan'uwa da abokan ciniki a can sun yi watanni ba sa jin juna sai an yi tattaki. A farkon 2023 kuma, da aka sake takardun naira kuɗi suka yi wuya, har mai sai da goro sai da ya koyi karɓar kuɗi ta waya.

Kayan Gida Masu Jin Umurni Daga Nesa

A ƙasashen Turai da Amurka an kai ga haɗa fitila da ƙofa da firji da intanet, har mai gida ya yi magana fitila ta kunna. Kamfanin Amazon ya fito da irin wannan akwati mai sauraron umurni a 2014. Irin wannan bai zama ruwan dare a karkarar Arewa ba, domin yana bukatar wuta da intanet marasa yankewa. Amma danginsa sun riga sun shigo. Akwai mita mai kati ta kamfanin KEDCO, wanda ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun 2013: a sayi lambobi ta waya, a danna, wuta ta dawo. Akwai dikodar talabijin da a ke biya wa kuɗin wata ta waya. Akwai sola ta bashi, wadda a ke biya kaɗan kaɗan, in an yi jinkiri ta kulle kanta har sai an biya. Wasu 'yan kasuwa kuma sun sa kyamara a shago, suna duba ta daga gida. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu, 2023, janareta ya yi tsadar ci, mutane da yawa suka koma ga sola.

A nan akwai abin da ya kamata mai gida ya fahimta. Fitilar kwai da rediyon batir, in mutum ya saya, sun zama nasa. Kayan da ke haɗe da layi kuwa mabuɗinsu yana hannun kamfani. Kafin a sa hannu a takarda, wajibi ne a karanta ta, a san nawa ne jimlar kuɗin, da abin da zai faru in an kasa biya.

Abin da Ke Cikin Aljihu

Wasannin waya da yawa kyauta a ke ba da su, amma masu yinsu 'yan kasuwa ne. Ribarsu tana fitowa daga tallan da su ke nunawa, da 'yan abubuwan da su ke sayarwa a cikin wasan. Saboda haka a kan gina wasan yadda mai yi ba zai so ajiyewa ba: in ya gama mataki guda, ga wani yana jiransa. Haka dandalin sada zumunta su ke, suna lura da abin da mutum ya daɗe yana kallo, su ƙaro masa irinsa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka, watau in ya kai mutum ya bar aikinsa da barcinsa da karatunsa saboda shi, ya kuma kasa dainawa. Ba kowane mai wasa ne ya kai haka ba, kaɗan ne. Amma yaron da ya kwana yana latsa waya, ba ya tashi makarantar asuba da kai sarai.

Wasu hatsarori sun biyo ta wannan ƙofa. Akwai caca a kan wasan ƙwallo, wadda a da sai an je shago, yanzu kuwa tana cikin waya. Akwai 'yan damfara da ke kira su ce daga banki su ke, su nemi lambar sirri. Akwai labarin ƙarya, da tsohon hoto da a ke cewa na jiya ne, wanda ke iya ta da hankalin gari kafin Hakimi ya ji. A zamanin sanƙira an san wanda ya aiko da magana. Saƙon da ya zo ta waya sau da yawa ba a san mafarinsa ba.

Kowace na'ura da ta zo, dattawan zamaninta sun yi mata tsoro. An tsoraci rediyo, daga baya aka ji tafsiri a cikinsa. An tsoraci karatun boko, daga baya waɗanda suka shiga ajin yaƙi da jahilci suka zama masu karanta wa unguwa wasiƙa da takardar haraji. Hana waya shiga gida ba zai yiwu ba yanzu. Abin da ya rage shi ne a mayar mata da abin da dandali ya ke da shi, watau lokaci, da wuri, da idon manya. Uba ya san abin da ke cikin wayar ɗansa kamar yadda ya san abokansa. A ajiye waya lokacin salla da cin abinci da karatu, kada ta kwana a shimfiɗar yaro. Kada a ba kowa lambar sirri, ko da ya ambaci sunan mutum da na ubansa. In labari ya zo, a tambayi inda ya fito kafin a tura wa wani.

Wannan aiki ya fi nauyi a kan wanda ya iya karatu. Shi zai karanta saƙon banki ya gane na gaskiya da na ƙarya, shi zai duba takardar sola kafin maƙwabcinsa ya dangwala yatsa, shi kuma zai zauna kusa da ɗansa ya ga irin wasan da ya ke yi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya shirya zuriya, ya sa abin da zamani ya kawo ya zama mai amfani ga ƙasar Daura da Nijeriya baki ɗaya, amin.